Iddar da Na Ƙirga da Watanni

Akwai wani ɗan fim da aka yi a Konni ƴan shekarun nan, har yanzu yana yawo a wayoyin mutane. Labarin wani ɗan kabu-kabu ne da ya rasa ƙafa a haɗarin moto, ya saki matarsa, daga baya suka shirya. Ba wani kamfani ya yi shi ba. Taubashina ne ya yi shi, da na'urar da yake ɗaukar bikin aure da na suna, da mutum bakwai ko takwas waɗanda kowannensu yana da sana'arsa daban. Fuskata ba ta fito a ciki ba, amma sandunana sun fito, shi ya sa mutane ke tambayata ko labarina ne. Ba nawa ba ne. Nawa shi ne wanda zan rubuta a nan, bi da bi, kamar yadda ya auku.

Ni ɗan Tajaye ne, amma a Konni na yi aure na zauna. Shekara shida na yi a lakwal, makarantar boko. Na iya rubutu, na iya karanta takarda, ban wuce nan ba. Yanzu a zaune nake aiki, ina ɗinke bakin buhunan albasa, da ƙafar roba a ɗaure. Kafin haka shekara goma sha huɗu na yi ina lodi a Galmi da ƙauyukan Malbaza, kuma ni ne mai hawa kan kamiyo in jera. Jeren yana da ƙa'ida. Manyan buhuna a ƙasa, bakin kowane buhu yana kallon ciki, kowane layi ya danne mahaɗar na ƙasansa. Motar da na jera ba ta taɓa zubar da kaya a hanya ba. Na faɗi wannan ne don a san irin mutumin da abin ya samu.

Wata bazara muna ɗaure lodi, igiya ta tsinke a hannuna. Na faɗo daga sama, buhu uku suka biyo ni suka sauka a kan ƙafata ta dama. Ba laifin kowa ba ne. Na yi wata biyu a asibiti, aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa. Ƴaƴanmu biyu aka kai su Tajaye wajen mahaifiyata, matata kuwa ta yi wata biyun nan tana kwana a baranda.

Da aka sallame ni damina ta fara. Sati uku na yi a gida ina koyon sanduna. Wata safiya bayan an yi ruwa, na tashi zan je bayi, sandar hagu ta nutse a taɓo, na kife. Na yi ƙoƙarin tashi sau uku ban iya ba. Matata ta fito ta sa hannu a hammatata ta ɗaga ni, matar maƙwabcinmu tana tsaye a bakin katanga da ƙwarya a hannu.

Kwana biyu ina tunani. A na uku na kira ta na jera mata dalilaina. Na ɗaya, ba ni da ƙafar da zan hau mota. Na biyu, ba ni da wata sana'a bayan lodi, kwaɗon zogalen da take sayarwa a ƙofar gida shi ke riƙe da mu. Na uku, tana da sauran ƙuruciya, bai kamata ta ƙare ta wajen ɗaga namiji daga taɓo ba. Na rubuta saki ɗaya a takarda, na sa kwanan wata, na miƙa mata. A lokacin ina ganin adalci nake yi.

Ta juya takardar ta maido mini. Ta ce, “Karanta mini. Ka san ban yi lakwal ba.”

Na karanta mata.

Ta ce, “Na ji.”

Na ce za a nemo mota ta kai ta Illela gidan yayanta, tunda iyayenta sun rasu, shi ne waliyyinta.

Ta ce, “Malam, idda a ɗakin miji ake yin ta. Kai ka fi ni son ƙa'ida. In ta cika yaya zai zo ya ɗauke ni.”

Yawancin matan da na sani ranar da aka sake su suke ɗaure kaya. Amma gaskiya ta faɗa. Na kwashe tabarmata da butata na koma zaure. Bayan kwana huɗu saƙon yayan ya iso ta bakin wani direba: ranar da idda ta cika zai zo da kansa, kuma mutumin da ya saki ƙanwarsa bayan ta yi wata biyu a barandar asibiti kada ya sake tako ƙofar gidansa da maganar aure. Na san shi. Ba ya magana biyu.

A zauren nan na yi wani tsari wanda ban gaya wa kowa ba. Idda wata uku ce, haka nake ji tun ina yaro. Wata uku kwana tasa'in ke nan. A cikin kwana tasa'in, da farko in sami ƙafar roba, don an rubuta sunana a asibiti an ce in jira. Bayan ƙafa in sami aikin da ake yi a zaune. In waɗannan biyun sun samu kafin kwanakin su ƙare, sai in shiga cikin gida a tsaye in mayar da matata. In ba su samu ba, ta tafi. Kowace safiya bayan asuba ina ja wa kwana ɗaya layi a bayan takardar asibiti. Ita kuma tana kawo abinci ta ajiye a bakin zaure, ta gaishe ni, in amsa, ta koma.

A kwana na arba'in da ɗaya taubashina ya zo. Ɗan ƙanwar mahaifina ne, sa'ana, tare muka yi kiwon awaki. Tsakaninmu akwai wasan da aka gada, ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka bawana nake ce masa. Duk mutanen da suka zo duba ni a hankali suke magana kamar a gidan makoki. Shi daga waje ya fara.

“Gurgu, ka mutu ne a ciki ko in shigo?”

“Shigo, bawa. Ka cire takalmi, nan ba ɗakinku ba ne.”

Ya zauna ya cinye rabin dambun da aka ajiye mini. Sannan ya ce sandunana yake so in ara masa, fim zai yi.

Na ce, “In ara maka in yi tafiya da mi?”

“To ka zo da su. Kai ka zauna a inuwa, su su yi aiki. Sun fi ka amfani ai.”

Na tambaye shi labarin fim ɗin, ya faɗa mini. Raina ya ɓaci. Na ce asirina zai kai kasuwa.

Ya ce, “Kai ɗan kabu-kabu ne? Ko keke ba ka iya ba. Taka ƙafar dama ce, tashi hagu. Kuma shi kyakkyawa ne.”

Na ƙi. Washegari ya dawo da amalanken jaki ya tsaya a ƙofa ya ce ba zai tafi ba. Maƙwabta suka fara leƙowa. Na hau don a daina kallo.

Wata gonar gero suka kai ni a bayan gari. Geron ya fi mutum tsayi, ya fara fitar da kai. Wanda zai fito a matsayin mijin wani tela ne daga kasuwa. Suna lanƙwasa masa ƙafa ta baya su ɗaure da rawani, ya sa babban wando a kai. Matar kuwa wata baiwar Allah ce mai yin wasan kwaikwayo a rediyo, babbar mace, mai ƴaƴa, ba ta da wasa da kowa in ba a gaban na'ura ba. Aka karɓi sandunana aka ba tela. Taubashina ya ce a fara. Sai na ga tela da matar suna tafiya a bakin gona suna dariya, tana riƙe masa fartanya.

Na ce, “Wannan wane wuri ne a labarin?”

“Ƙarshe ne. Sun shirya.”

“Ba a yi haɗari ba, ba a yi saki ba, kun fara da shiri?”

Ya ce, “Gero ba zai jira mu ba. In muka bi labarin daga farko, kafin mu iso nan an yanke shi, sai kara. Ana ɗaukar abin da ya samu ranar da ya samu, daga baya in jera a kwamfuta.”

Na ce wannan ba aiki ba ne, hauka ne. Wa ya taɓa ɗora layin sama kafin na ƙasa? Suka yi dariya, ni ban yi ba. Yinin nan duka raina a dagule yake. Mutum biyu suna murnar sulhu a kan faɗan da ba su yi ba tukuna.

A rana ta uku aka koma wani gida da aka ara a cikin gari. Aka ɗaure wa tela ƙafa, aka ɗauki fitowarsa daga ɗaki har sau biyu. Ina zaune a kan turmi ina kallo.

Na ce, “A gona hagu ce babu. Yau dama ce babu. Ta tsiro ne?”

Taubashina ya mayar da hoton gona baya ya duba. Tela ya ce hagun ta yi masa tsami ne shi ya sa ya sauya, bai ɗauka wani zai lura ba. Taubashina ya fita, ya dawo da kaye, littafin rubutu irin na ƴan lakwal, da biron bik, ya jefa mini a cinya.

“Tunda idonka bai gurgunce ba, riƙe. Duk abin da aka ɗauka ka rubuta.”

Haka na sami aiki a fim. Kowace fitowa ina rubuta wace ƙafa, wace hula, wane zane, buta tana dama ko hagu, gemun tela kwana nawa ba aski. Na ba kowace fitowa lamba gwargwadon wurinta a labarin, ba gwargwadon ranar da aka ɗauke ta ba. Tun da na faɗo daga mota ban yi wani abu da wani ya jira ni a kai ba sai wannan. Na riƙe shi da tsanani, har tela ya fara ce mini jandarma.

Shi telan kuwa ya cika nishi. Da an kunna na'ura sai ya yamutse fuska yana riƙe gwiwa. Na ce masa ba haka ba ne. Bayan wata biyu ba ciwo ke damun mutum ba. Abin da ke damunsa shi ne ya farka ya manta, ya sauko da ƙafar da babu, ya tafi ƙasa. Kuma tafin ƙafar yana ƙaiƙayi, ka kai hannu ka sosa tabarma. Tela ya daina dariya ya ce in sake faɗa a hankali. Suka ɗauka haka.

A sati na biyu aka zo wurin da matar ke kawo wa mijin ruwan alwala bayan ya dawo daga asibiti. Taubashina ya rubuta ta durƙusa tana kuka, ta wanke masa ƙafar da ta rage, tana ce masa ita ba za ta rabu da shi ba har abada. Matar rediyo ta yi, ta yi da kyau, har hawaye. Taubashina ya waiwayo ya ce in rubuta. Na ce zan rubuta, amma ƙarya ce.

Matar ta share ido ta ce, “To Malam, yaya ake yi?”

Na ce ba a kuka a gabansa, kuma ba a wanke masa abin da zai iya wankewa da kansa. Ana ajiye butar a gefen da hannunsa ba ya riƙe sanda. Ana sa a fasa dokin ƙofa a daidaita shi da ƙasa ranar da ba ya gida. Ana kafa turke a cikin bayi daidai inda zai dafa. In an yi ruwa ana zuba yashi da toka daga bakin zaure har bayi kafin ya tashi. In yana kokawar miƙewa, sai a sami wani aiki a bayan ɗaki, kada ya ga ana kallonsa.

Taubashina yana rubutawa da sauri a bayan takardarsa. Matar ba ta rubuta komai ba, ni take kallo.

Ta ce, “Wa ya koya wa matarka?”

“Ba kowa.”

“Yashin nan, kafin takarda take zubawa ko bayan takarda?”

Ashe duk sun sani. Na ce ba don wannan aka kawo ni ba, kuma ɗankwalinta ba shi ne na fitowa ta goma sha biyu ba, ta je ta sauya. Ta je ta sauya.

Amma amsar tana wurina. Bayan takarda ne. Turken ma bayan takarda ne. Ina taka yashin nan kowace safiya, ina dafa turken, kuma sai da na jera su da bakina a gaban baƙi na san na gan su. Da yamma da na koma, ta kawo tuwo ta ajiye, na so in ce wani abu. Na duba bayan takardar asibiti, kwana hamsin da biyar. Ƙafa ba ta zo ba, aiki bai samu ba, don kayen fim ba aikin da ke ciyar da gida ba ne. Na ce a raina akwai sauran lokaci, a bi tsari. Na ce mata sannu, ta ce yawwa.

A kwana na sittin da huɗu aka zo fitowar da mijin ke zuwa wajen malami neman shawara. Taubashina ya roƙi limamin ƙaramin masallacin da ke kusa da shagonsa ya fito da kansa. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya yarda da sharaɗin ba kiɗa a inda yake. Bayan azahar aka shimfiɗa buzu a gindin itacen bedi a ƙofar masallacin, tela ya zauna gabansa da sandunana a gefe. Taubashina ya karanta masa abin da zai ce: idda wata uku ce, biyu sun wuce, saura maka wata guda ka yi tunani.

Liman ya ce, “Wannan ba zan faɗa ba.”

“Malam, wasa ne fa.”

“Wasa ne, amma da bakina da rawanina za a ji shi. Wani zai kalla a ƙauye ya ɗauka haka shari'a ta ce, ya zauna yana ƙirga wata.”

Taubashina ya ce to yaya abin yake.

Liman ya ce wata uku na matar da ba ta ganin al'ada ne. Mai ciki kuwa har ta haihu. Amma mace mai ganin jininta, tsarki uku take ƙirgawa, ba wata ba. Tsarkin da aka sake ta a cikinsa shi ne na ɗaya, ko da yini guda ya rage a cikinsa. Ranar da ta ga jini na uku idda ta cika, ta fita daga hannun mijin. Daga nan ba sauran kome da baki, sai sabon aure da yardarta da waliyyinta da sadaki.

Ya ce, “Wata takan cika a wata biyu da ƴan kwanaki. Na sha ganin mutum ya zo mini da murna zai mayar da matarsa, a tambaye ta, ta ce ai tun satin jiya ta cika. Lissafin ba a hannun namiji yake ba. Yana wajenta.”

Taubashina ya fara gyara takardarsa. Ni bik yana hannuna, na kasa rubuta lambar fitowar. Wata biyu da ƴan kwanaki. Ni ina da wata biyu da kwana huɗu. Abin da na yi ta ja wa layi kowace asuba ba shi ne lissafin ba.

Na ce wa tela, “Ba ni sandunana.”

Taubashina ya ce, “Gurgu, muna tsakiyar aiki.”

“Ka kwance masa ƙafa ya taka. Yana da biyu.”

Ya buɗe baki zai rama, sai ya dubi fuskata, ya dubi liman. Tun muna yara ban taɓa ganin ya haɗiye magana ba sai ranar. Ya fita bakin titi da kansa ya tsayar da kabu-kabu, ya ɗora ni, ya sa mini sandunan a cinya. A hanya ba na tunanin komai sai abu ɗaya, ko na gan ta tana salla jiya. Na kasa tunawa. Wata biyu ina wucewa ta tsakar gida kaina a ƙasa.

Na wuce zaure ban tsaya ba. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsinke zogale a faranti. Labulen a ɗage yake. Na ga kwanoninta an sauke su daga jere an ɗaure cikin tsohon zane, ƙulli biyu, da akwatinta a kusa da ƙofa.

Na ce, “Sannu da aiki.”

“Yawwa. Yau an tashi da wuri.”

“Ba a tashi ba.”

Na kife turmi na zauna. Abin da na zo tambaya ba abin da bakina ya saba faɗa ba ne, ko lokacin da muke lafiya. Na nuna ɗaki da sanda.

“Kayan can fa?”

“Na tafiya ne. Na aika wa yaya ya shirya, jibi ko gata.”

“A lissafina saura kwana ashirin da shida.”

“Lissafinka ke nan, Malam. Nawa saura kwana biyu, in ya daɗe uku.”

Na yi hamdala a zuci, bai cika ba. Sannan raina ya ɓaci, ban san da wa ba.

Na ce, “Don mi ba ki gaya mini ba?”

Ta ɗago ta dube ni. “In ce mi? In ce ka yi sauri?”

Kaji suna tsince abin da ya zube a gefen faranti. Na gyara sandunan a cinyata, na ce, “Na mayar da ke.” Muryar ta fita ƙasa-ƙasa, kamar ba tawa ba.

Ba ta daina tsinke ganyen ba. Ta ce, “Ƙafar ta zo?”

“Ba ta zo ba.”

“Sana'ar fa?”

“Babu.”

“To dalilan da ka jera mini ran nan suna nan yadda suke.”

“Suna nan.”

“Mi ya sake?”

Na san a shari'a maganar da na faɗa ta isa, ba sai ta amsa ba. Amma na ga in na tsaya a kan wannan, zan mayar da ita a banza. Na gaya mata tsarina duka, ƙafa, aiki, sannan ita. Na ce so na yi in shigo mata a tsaye da abin yi a hannuna, kuma na ɗauka ina da wata guda.

Ta ce, “Da watan na nan, da ka jira.”

“Da na jira.”

“Na sani.” Ta ture farantin gefe. “Ɗaga ka daga taɓo bai dame ni ba. Na ɗaga ka a asibiti sau nawa, ba ka ma cikin hankalinka. Takardar nan ce ta dame ni, da yadda ka karanta mini ita kamar takardar ƴan duwan a bakin iyaka. Ka jera dalilai uku, ba ka tambaye ni ko ɗaya ba.”

Na ce na yi kuskure. Ban saba faɗin kalmar ba, ban kuma ƙara mata komai ba.

Ta kakkaɓe ganyen da ke hannunta. Sannan ta ce, “Waccan a ɗaki ka rubuta ta kai kaɗai. Wannan a gaban mutane za ka faɗa. Kuma kai za ka kira yaya, ba ni ba. Kuma ka riƙe a ranka ɗaya ya tafi, ba ya dawowa. Saura biyu.”

Na ce na ji.

Na fara da kiran yayan a waya, don shi ya fi wuya. Na yi sallama na faɗi abin da ya faru ba tare da kwana-kwana ba. Ya saurara har na gama, ya ce, “Ba ni ita.” Ta shiga ɗaki da wayar, ta daɗe. Da ta fito ta miƙo mini a kashe. Ta ce ba zai zo ba. Ba ta ce ya yafe ba, kuma bai yafe ba. Sai da shekara ta zagayo ya amsa gaisuwata.

Bayan la'asar taubashina ya zo da liman a kan moto ɗaya. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Liman ya tambaye ta daga bayan labule ko tana cikin idda har yanzu, ta ce tana ciki. Ya ce in faɗa. Na faɗa da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji ta kan katanga. Ya yi addu'a muka shafa.

Taubashina ya ce, “Kash, da na sani na zo da na'ura. Wannan ya fi wanda na rubuta.”

Daga bayan labule ta ce, “Ka shigo da ita gidan nan in wanke ta da ruwan zogale.”

Taubashina ya ce, “Kun ji matar ubangidana. Wata biyu ba ta magana, ashe ajiya take yi.”

Liman ya yi murmushi ya miƙe. Taubashina ya ce gobe da hantsi amalanke zai zo, don tela ya riga ya ɓata hula biyu tun da na tafi. Na ce zan zo.

Na kwaso tabarmata da butata daga zaure da kaina, sawu uku, ba ta taya ni ba. Ranar ba ta kwance kayan ba. Washegari ma da na dawo daga wajen fim ƙullin biyu suna nan a inda suke, ban kuwa tambaya ba.

A rana ta biyu bayan na mayar da ita ba a ɗauki fim ba, ina gida. Da aka kira azahar ta cika butata ta ajiye mini a dama. Ba ta cika tata ba. Na yi alwala ina jira in ga ta shimfiɗa tabarmar salla, ba ta shimfiɗa ba, ta koma ta zauna a inuwar ɗaki tana tankaɗe gari. Na gane, jinin na uku ne ya zo. Da liman ya yarda ya faɗi abin da aka rubuta masa, da yau ina zaure ina jan layi na sittin da shida, ita kuwa ta zama ba matata ba tun da safe.

Na yi sallata a zaune. Bayan na sallame na daɗe ban tashi ba. Ta leƙo ta ce ko ƙafar ce. Na ce a'a. Ta ce to in matsa daga bakin ƙofa, za ta shiga ta mayar da kwanoni.